Harshe, Aƙida da Iko: Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da Magana Ke Ɗauke da Shi

Masu karatu da ɗalibai sukan yi ta maimaita wasu tambayoyi duk lokacin da aka ce harshe na yi wa masu iko aiki. Wasu na tambaya ne don neman sani, wasu kuma don suna ganin duk zancen shaci-faɗi ne. An tattaro tambayoyin ɓangarorin biyu a nan.

Me ake nufi idan an ce harshe na ɗauke da aƙida?

Aƙida a wannan fage ta fi faɗin aƙidar addini ko ta jam'iyya. Ana nufin tarin abubuwan da jama'a suka ɗauka haka duniya take, har suka daina ganin su a matsayin ra'ayi: wa ya cancanci ya yi umarni, wa ya kamata ya yi shiru, me ake kira laifi, me ake kira kuskure. Irin waɗannan abubuwa ba a cika furta su ƙarara ba. A cikin kalmomin da aka zaɓa suke zama.

Ɗauki mutum biyu da suka ɗebi abin da ba nasu ba. Na farko ya zare waya daga aljihun wani, sai a ce ɓarawo ne, ya yi sata. Na biyu ya kwashe kuɗin jama'a daga asusun da aka damƙa masa, sai a ce ana zarginsa da almundahana, ko kuɗin sun salwanta, ko an samu rashin daidaito a lissafi. Aikin ɗaya ne, har na biyun ya fi muni. Amma harshe ya tanadar wa kowannensu riga daidai da matsayinsa, kuma mai magana yakan sa masa ita ba tare da ya tsaya ya yi tunani ba. Wannan sabon, wanda ya sa bambancin bai ma dame mu ba, shi ake nema a tono.

To ina iko ya shigo?

Ta ƙofa biyu. Akwai ikon da ake gani a cikin zancen kansa. A gaban alƙali, ko wurin likita, ko a zaman tantance mai neman aiki, mutum ɗaya ne ke tambaya, ɗaya ke amsawa. Ɗaya na iya katse ɗaya, ya sauya batu, ya ce an gama. Ɗayan kuwa in ya yi haka ya yi rashin ladabi. Ka lura da wanda ake ce wa "ku" alhali shi kaɗai ne, da wanda ake ce wa "kai" ko "ke" ko da ya girmi mai maganar.

Ƙofa ta biyu ta fi ɓuya. Wa ya yanke cewa da wannan harshe za a yi shari'a? Wa ya tsara takardar cikewa mai gida biyu kacal, alhali halin da kake ciki na uku ne? Wa ke da jarida, wa ke da gidan rediyo, wa ke rubuta littafin da yara za su haddace? Antonio Gramsci, ɗan gurguzun Italiya da gwamnatin Mussolini ta tsare tun 1926, ya yi dogon tunani a kurkuku kan dalilin da ya sa mulki ke ɗorewa ba tare da bindiga a kowace kusurwa ba. Abin da ya gano shi ne mai mulki ya fi samun kwanciyar hankali idan waɗanda yake mulka suka ɗauki ra'ayinsa a matsayin hankali na kowa da kowa. Da baki ake cimma wannan.

Su wa suka mayar da wannan fannin ilimi?

Tunanin ya daɗe, domin duk al'ummar da ta san habaici da zambo da kirari ta san magana makami ce. A jami'a kuwa, wasu masana huɗu a Jami'ar East Anglia ta Ingila, wato Roger Fowler da Bob Hodge da Gunther Kress da Tony Trew, su ne suka fito da tsari a 1979, inda suka riƙa bin jimlolin jarida da dokokin ma'aikata da ma'aunin nahawu. Norman Fairclough na Jami'ar Lancaster ya faɗaɗa aikin a 1989, ya ce a duba matakai uku: nassin kansa, yadda aka samar da shi aka kuma karɓe shi, sannan yanayin al'ummar da ta haife shi. Teun van Dijk, ɗan ƙasar Holan, ya duƙufa kan wariyar launin fata a jaridu da zaurukan majalisa. Ruth Wodak ta Ostiriya ta bi sawun ƙyamar Yahudawa da ƙyamar baƙi a bakin 'yan siyasa, tana haɗa kowace magana da tarihin da ke bayanta.

In na ɗauki labari ko sanarwa, daga ina zan fara?

Fara da tambaya mafi sauƙi: wa ya yi wa wa me? Nemi aikau, wato wanda ya yi aikin, nemi karɓau, wato wanda aka yi wa, ka ga ko duka biyun suna nan.

Misalin da ya fi shahara daga aikin Tony Trew ya fito. A farkon watan Yunin 1975 'yan sandan Rodeshiya, wadda ta zama Zimbabuwe daga baya, suka buɗe wuta kan taron baƙaƙen fata a Salisbury, babban birnin ƙasar (Harare a yau). Jaridar Guardian ta sa 'yan sanda a farkon kanun labarinta: su ne suka harbe mutum 11. Jaridar Times kuwa ta fara da baƙaƙen fata masu tarzoma, ta ce an harbe su, 'yan sandan suka koma bayan jimla. Ba wadda ta yi ƙarya. Amma da Trew ya bi labarin a kwanakin da suka biyo baya, sai ya ga 'yan sandan sun yi ta dusashewa har suka ɓace, aka wayi gari ana maganar tarzoma da asarar rayuka mai ban takaici, kamar dai annoba ce ta faɗo. Daga nan sharhi ya koma kan abin da ke damun shugabannin baƙaƙen fata, aka bar wanda ya ja kunamar bindiga.

Hausa tana da kayan aikin wannan ɓoyo a wadace, har ta fi wasu harsuna sauƙinsa. Ga ƙaramar kalmar nan "an". Jera waɗannan ka saurara: "Sojoji sun kashe mutum goma." "An kashe mutum goma." "Mutum goma sun rasa rayukansu." "An samu asarar rayuka." Kowace jimla ta fi ta gabanta nisa da hannun da ya aikata, ta ukun ma ta mayar da mamatan tamkar su suka yi sakaci da ransu. Ga kuma aikatau irin su fashe da karye da zube. Yaro ya san bambancin "na fasa kofi" da "kofi ya fashe" tun kafin ya shiga aji ɗaya, kuma ya san wanda zai faɗa idan uwa ta shigo. Shugaba Ronald Reagan ma da dabarar yaron nan ya yi amfani a Janairun 1987, lokacin badaƙalar sayar wa Iran makamai, da ya gaya wa majalisar Amurka cewa an tafka kurakurai. Wa ya tafka? An dai tafka.

Na taɓa zama mai rubuta bayanin taro a wani wurin aiki. Wata rana na rubuta cewa shugaban taro ya ƙi amincewa da buƙatar ƙananan ma'aikata. Da takardar ta dawo, an ja jan biro a kan layin, a gefe kuma an rubuta da kyakkyawan rubutu: "Ba a samu damar duba buƙatar ba." Na zauna ina kallon jimlolin biyu. A tawa akwai mutum, akwai ƙi, akwai wanda za a tara gobe a tambaye shi dalili. A tasu ba kowa a ɗakin sai wata dama da ba ta samu ba. Na sake bugawa yadda aka gyara, ban ce uffan ba, kuma ita ce ke cikin fayil har yau.

Shin kowane "an" ɓoye mai laifi yake yi?

A'a. Wani lokaci ba a san wanda ya yi ba, wani lokaci kowa ya sani har ba sai an faɗa ba, kamar "an yanke masa hukuncin shekara biyar". Abin lura shi ne tsari mai maimaituwa. Idan jarida ɗaya tana ambatar mai aikatawa duk lokacin da abokin hamayya ya yi ɓarna, tana kuma komawa "an" duk lokacin da nata suka yi, to ka kama wani abu.

Me ya sa ake ta jayayya kan sunan da za a kira mutane ko abin da ya faru?

Domin wanda ya raɗa suna ya riga ya yanke rabin hukunci. 'Yan ta'adda, 'yan tawaye, mayaƙa, 'yan gwagwarmaya, masu fafutukar 'yanci: duk ana iya liƙa su ga mutanen da ke riƙe da bindiga iri ɗaya, kuma kowane suna na gaya maka ko a zauna da su ko a murƙushe su. Sunan Nelson Mandela bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai 2008, shekara 15 bayan ya karɓi lambar zaman lafiya ta Nobel.

Dubi kalmomi uku da muke da su ga wanda ya tsallaka iyaka: ɗan gudun hijira, ɗan ci-rani, baƙon haure. Na farko abin tausayi ne, kuma yarjejeniyar duniya ta 1951 ta hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Na biyu mai neman na kansa ne. Na ukun kuwa sunansa kaɗai ya nuna ta katanga ya shigo. Jirgin ruwa ɗaya zai iya ɗauko su duka, mutum ɗaya ma zai iya zama duka ukun gwargwadon mai ba da labari. Shi ya sa kamfanin dillancin labarai na AP ya daina siffanta mutum da haramtaccen baƙo a 2013, yana cewa aiki ne ke haramta, mutum ba ya haramta. A Agustan 2015 kuma sashen Turanci na Aljazira ya ce masu tsallaka Bahar Rum 'yan gudun hijira zai riƙa kiransu.

Gwamnatoci sun fi kowa sanin nauyin suna. Faransa ta yi yaƙi a Aljeriya daga 1954 zuwa 1962, amma a hukumance aikin tabbatar da doka da oda ta kira shi, sai a 1999 majalisarta ta yi dokar da ta amsa cewa yaƙi ne. Rasha ta kira shigarta Yukren a Fabrairun 2022 aikin soji na musamman, a watan Maris kuma ta yi dokar ɗaurin da zai kai shekara 15 ga mai yaɗa abin da ta kira labarin ƙarya kan sojojinta. A 1994, ana tsaka da kashe-kashen Ruwanda, jami'an Amurka suka yi ta kewaye kalmar kisan ƙare-dangi, domin yarjejeniyar duniya ta 1948 ta ɗora wa ƙasashe nauyin hana shi. Furta kalmar kamar ɗaukar alkawari ne, sai aka yi ta taunar harshe.

Anya ba yawan zargi ba ne? Akwai shaidar cewa kalma ɗaya na sauya tunanin mutum?

Akwai, kuma ba daga masu nazarin harshe ta fito ba. A 1974 masana halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Kalmar aikatau kawai suka riƙa sauyawa a tambayar. Waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar ragargazar juna suka ƙiyasta kusan mil 40 a awa, waɗanda aka ce wa motocin sun taɓa juna suka ce kusan 32. A gwaji na biyu aka dawo da mutane bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da suka ji kalmar ragargaza, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 da suka ji kalma mai sauƙi, 7 ne kawai. Babu gilashi ko ɗaya a bidiyon.

Amos Tversky da Daniel Kahneman sun nuna makamancin haka a 1981. Suka ce wa mutane su ɗauka wata cuta za ta kashe mutum 600. Da aka ce wani shiri zai ceci 200, kashi 72 cikin ɗari suka zaɓe shi. Da aka ce a ƙarƙashinsa 400 za su mutu, kashi 22 kawai suka yarda da shi. Lissafin bai motsa ba.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Wannan shaida ta nuna kalma na karkata hankali, ba ta nuna tana ɗaure shi ba. Da harshe kurkuku ne, da ba wanda zai iya jin an ce "daidaita farashi" ya yi murmushi ya ce ƙari dai ake nufi.

Mene ne bambancin "ya ce" da "ya yi iƙirari"?

Na farko ya miƙo maka magana, na biyu ya miƙo ta yana ƙifta maka ido. "Ya bayyana" da "ya tabbatar" sun gaskata mai maganar. "Ya yi iƙirari" da "ya yi zargi" sun sa shakka. "Ya amsa" ya nuna da ma yana ɓoyewa. Ɗauki labari ɗaya mai ɓangare biyu, ka ja layi ƙarƙashin waɗannan kalmomi, ka ga wa ke bayyanawa, wa ke iƙirari. Sau da yawa hukuma ce ke tabbatarwa, mazauna wurin da abin ya faru a gabansu kuma suna iƙirari.

Ana cewa abin da ba a faɗa ba ya fi wanda aka faɗa. Yaya ake nazarin abin da babu shi?

Da yawansa yana nan, an dai cusa shi ne inda ba za a yi musunsa ba. "Yaushe za a dawo da martabar ƙasa?" Kafin ka buɗe baki ka riga ka yarda cewa da akwai martaba, kuma ta tafi. "Har mace ce ta zo ta ɗaya." Kalmar "har" ta gama faɗin abin da ake tsammani daga mace. Irin su har, ko da, ma, sake, daina, dawo, ƙananan ƙofofi ne da manyan ra'ayoyi ke shigowa ta cikinsu.

Littattafan makaranta sun daɗe suna koyar da cewa Mungo Park ne ya gano Kogin Neja a 1796. Mutumin ya isa bakin kogin a Segu ta ƙasar Mali ta yau, babban gari mai sarki da jiragen fito. Kalmar "gano" ba ta zagi kowa ba. Ta dai nuna cewa ganin da mazauna bakin kogin suka yi shekaru aru-aru ba a lissafa shi gani ba, sai ranar da idon Bature ya sauka a kan ruwan.

Sai kuma "mu". Idan shugaba ya ce dole mu ɗaure ɗamara, tambayi wa ke cikin "mu" ɗin, da ƙugun wa za a ɗaure. Van Dijk ya taƙaita yadda "mu" da "su" ke aiki a abu huɗu: a kambama alherinmu, a kambama sharrinsu, a rage sharrinmu, a rage alherinsu. Laifi tudu ne dai, amma a nan an mayar da shi tsarin rubutu.

Me ya sa ake damuwa da siffantawa? Ai adon magana ne.

Ado ne mai zuwa da umarni a ɓoye. Idan baƙi ambaliya ce, sai a gina madatsa. Idan talauci abokin gaba ne, sai a nemi kwamanda. Idan 'yan adawa cuta ce a jikin ƙasa, ai ba a sulhu da cuta. Mai sauraro ba ya jin an ba shi shawara, shi da kansa yake kaiwa ga maganin da siffar ta riga ta zaɓa.

Mafi munin wannan shi ne mayar da mutum ƙwaro. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai kafin kisan 1994 da lokacinsa, inda aka hallaka mutanen da aka ƙiyasta sun kai 800,000 cikin kwana kusan ɗari. A Disambar 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta sami biyu daga jagororin gidan rediyon da editan jaridar Kangura da laifi. Victor Klemperer, Bayahude masanin harshe da ya rayu a Dresden ƙarƙashin 'yan Nazi yana rubuta abin da kunnensa ke ji, ya kwatanta kalmomi da ƙananan ɗigon guba: ana haɗiya ba a ji komai ba, sai daga baya ta kama jiki. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne jin kalmomin gwamnatin a bakin waɗanda ke ƙin ta, har da waɗanda take zalunta.

Ke nan duk sakaya zance yaudara ce?

Ina! Wanda ya ce "ya rasu" ko "ya riga mu gidan gaskiya" bai yaudari kowa ba, kowa ya san mutuwa ake nufi, an dai tausasa wa mai jin zafi ne. Ma'aunin shi ne wa sakayawar ke karewa. Idan kamfani ya kori mutum dubu ya ce ya sake fasalin aiki, ko aka azabtar da fursuna aka ce an yi masa ingantacciyar tambaya, kamar yadda gwamnatin George W. Bush ta kira abin da hukumar leƙen asirinta ta yi bayan 2001, to mai aikatawa aka lulluɓa wa mayafin, wanda aka yi wa yana nan a fili.

Ya batun harsunan kansu? Wani harshe ya fi wani ne?

A wajen masana babu harshen da nahawunsa ya gaza. Fifikon daga matsayin masu shi yake zuwa. Max Weinreich, masanin Yidish, harshen Yahudawan Turai, ya yaɗa wata magana a 1945 da ya ce wani mai sauraron laccarsa ne ya faɗa masa: harshe karin harshe ne da ya mallaki soja da jiragen yaƙi. Karin da ake kira daidaitacce galibi na birnin da mulki ko ɗab'i ya zauna ne, sauran kuma a mayar da su abin dariya.

Kusan kowace al'umma ta yi wa maganar maƙwabtanta suna na raini. Girkawan dā suna jin maganar baƙo kamar "bar-bar", daga nan kalmarsu ta bare marar wayewa ta fito. Larabawa suka kira wanda ba Balarabe ba ajami, asalin kalmar kuwa rashin fasahar furuci ne. Mu ma kada mu yi saurin nuna yatsa. Me ya sa namu harshe ne, na wasu kuma yare? Daga sunan wace al'umma muka samo "gwaranci"? Mai faɗin kalmar ba lallai yana da ƙiyayya a ransa ba, amma ita kalmar tana tafe da tarihinta.

An zubar da jini a kan wannan. A 21 ga Fabrairun 1952 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Dhaka, babban birnin Bangladesh a yau, da ke neman a amince da harshen Bengali tare da Urdu a Pakistan, kuma ranar ce UNESCO ta ayyana a 1999 a matsayin ranar harshen uwa ta duniya. A 16 ga Yunin 1976 yaran makaranta a Soweto ta Afirka ta Kudu suka fito kan tilasta musu karatu da Afirkans, harshen fararen fata masu mulki, aka tare su da harsashi.

Maza da mata fa?

Saurari yabo. Mace ta yi abin a zo a gani, sai a ce ta yi namijin ƙoƙari. Namiji ya yi shirme, sai a ce ya yi zancen mata. Ana cewa mace likita, mace direba, ba a cewa namiji likita, domin an riga an ɗauka kujerar tasa ce, ita baƙuwa ce a kai. Wannan ba na harshe ɗaya ba ne. A Faransanci, in mata ɗari da namiji ɗaya suka taru, wakilin sunan maza ake ba su duka, kuma haka ake koya wa yara a aji a matsayin ƙa'ida.

Akwai maganar da ba ta karkata ko'ina ba?

Da wuya, domin duk jimla sai ta fara da wani abu ta bar wani a baya. Amma wannan bai sa duk maganganu sun zama ɗaya ba. Jimlar da ta faɗi wanda ya yi, da abin da ya yi, da adadi, da wanda ya shaida, ta fi wadda ta ɓoye su gaskiya, kuma ana iya bincika ta a ƙaryata. Masu cewa tunda kowa na da aƙida to ba gaskiya ba ƙarya, sun ɗauki wuƙar fiɗa sun yanke hannunsu.

Wane suka ake yi wa wannan nazari?

Mafi ƙarfi shi ne na masanin harshe Henry Widdowson, wanda tun 1995 yake cewa masu wannan aiki sukan shiga nassi da hukuncinsu a aljihu, su tsinci jimlolin da suka dace da shi, su kira abin da suka yi nazari alhali fassara ce. A ganina wannan suka ya kama, kuma duk mai wannan sana'a ya san daɗin da ake ji idan aka "kama" wanda da ma ba a so.

Ga misalin da ke nuna tarkon. Bayan guguwar Katrina da ta haddasa ambaliya a Amurka a 2005, hotuna biyu suka karaɗe intanet. A ɗaya baƙar fata ne cikin ruwa da kaya, rubutun ƙasa ya ce ya wawushe shago. A ɗayan fararen fata ne, aka ce sun samo kayan. Nan take aka ce ga wariya ƙiri-ƙiri. Mai yiwuwa ne. Amma hotunan daga kamfanoni biyu daban suka fito, kuma masu ɗaukarsu sun ce abin da suka gani ya bambanta: ɗaya ya ga an shiga shago, ɗaya ya ga kaya na yawo a kan ruwa. Hoto biyu ba sa tabbatar da tsari. Abin da zai tabbatar shi ne a tara ɗaruruwan irin waɗannan rubuce-rubuce a ƙirga. Shi ya sa masu nazari na yanzu, irin su Paul Baker da abokan aikinsa a Lancaster, suke zuba miliyoyin kalmomin jarida a kwamfuta don ganin waɗanne kalmomi ne ke yawan raɓar "ɗan gudun hijira", kafin su buɗe baki.

In aka sauya kalma, halin da ake ciki zai sauya?

Wani lokaci. Inda doka ta rataya haƙƙi a kan kalma, sauyin na iya zama bambancin zama da kora. Amma suna kaɗai ba ya ɗaukar kaya. Amurka ta bar sunan Ma'aikatar Yaƙi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1949 ta koma Ma'aikatar Tsaro, shekara ɗaya bayan haka sojojinta na Koriya. Haka kuma idan aka ba mutanen da ake rainawa sabon suna mai kyau ba a taɓa rainin ba, ba a jimawa sabon sunan ke ɗaukar warin tsohon, a sake neman wani.

Wanda ba ɗalibin harshe ba ne, yaya zai gwada da kansa?

Ɗauki labari ɗaya daga kafofi biyu da ba sa ga-maciji da juna, ka ajiye su gefe da gefe. Rubuta sunan da kowace ta ba mutanen da ke ciki. Zagaye duk "an" da ka gani, ka tambayi kanka ko an san mai aikatawar. Duba wa aka ɗauko maganarsa da bakinsa, wa aka taƙaita, wa ba a tuntuɓa ba sam. Sannan ka sake rubuta kanun labarin ta hanya uku, ka ga wacce ce za ta ɓata wa wa rai.

Bayan nan sai mataki mai wuya. Buɗe wayarka, ka koma kan saƙo na ƙarshe da ka tura wa jama'a kana cikin fushi kan wata rigima, ko wanda ka yaɗa domin ya yi maka daɗi. Yi masa irin aikin da ka yi wa jaridun: nemi "mu" da "su", ka ƙirga sau nawa naku suka yi kuskure, sau nawa nasu suka aikata laifi.